Tafintan Taron Tsingaro

Barnaba ɗan Akila ba haifaffen Tanut ba ne. A Damagaram aka haife shi, a gidan wani kafinta mai yi wa majami'a benci, aikin koyarwa ne ya kawo shi Damargu, ƙasar Tanut, yana saurayi. An yi ta canza wa abokan aikinsa gari, shi kuwa kamar an manta da shi, shi ma bai tuna wa kowa ba. Ya auro Febi daga gida, suka hayayyafa, ya koyar da rabin ƴan kasuwar garin karatu a lakwal, wato makarantar boko. Zama da mutane ya ba shi Tamajak, yaren Buzaye, har yana iya ba da labari da shi, ga Fulatanci daidai na gaisuwa da ciniki, Faransanci kuwa abincinsa ne. Da ya aje aiki sai ya zama tafintan gari. Baƙon mai wa'azi in ya zo majami'a, shi ne. Likitan dabbobi in zai yi wa makiyaya bayani, shi ne. An san shi da hali ɗaya: ba ya ƙara gishiri, ba ya ragewa. In mai magana ya yi inda-inda, shi ma sai ya yi inda-inda daidai wurin.

A kakar shekarar 2009 wata mace ta yi sallama a ƙofar gidansa. Sunanta Dokta Radiya, malamar jami'a ce, aikinta tonon tsofaffin kufai don gano yadda mutanen da suka rayu. Siririya ce, mai saurin magana, ba ta iya zama a kujera ba tare da ta matso bakinta ba. Ta ce tana son ta haɗa taron masu irin aikinta a Tanut.

"Me za a yi a Tanut da ba za a iya yi a Yamai ba, Dokta?" in ji Barnaba.

"A Yamai muna zama a otal mu yi magana a kan kakannin mutane, mutanen ba sa ji," in ji ta. "Ina so a yi a gabansu, Malam. Kuma ba taron nuna abin da aka tono ba ne. Tambaya ɗaya za mu riƙa juyawa: in mun tono abu, da wane dalili muke cewa ga ma'anarsa?"

A wani aji na tsohuwar lakwal ɗinsa aka yi taron farko, lokacin hutu. Baƙi ba su cika bencina ba. Mutanen gari suka zo da yawa da safe, suna tsammanin za a raba wani abu, da suka ga fasassun tukwane ne kawai a kan tebur sai suka sulale. Su suka raɗa wa abin suna Taron Tsingaro, don dariya, sunan kuma ya bi shi.

Barnaba bai yi dariya ba. Bai taɓa ganin manyan mutane sun yi yini suna gardama a kan guntun kasko ba. Wani ya ce zanen da ke jikinsa yana nuna ƙabilar da ta gina shi. Wata ta ce ina, mace tana aure ta tafi da hannunta wani gari, kasuwa tana kai tukunya inda maginiyarta ba ta taɓa zuwa ba. Wani tsoho ya ce a bar surutu a auna, abin da na'ura ba ta tabbatar ba ba ilimi ba ne. Wani matashi ya ce na'ura tana faɗin shekaru, ba ta faɗin abin da ke zuciyar mai tukunyar. Barnaba yana tsaye gefen allo yana mayar da wannan duka cikin Hausa ga tsofaffi kaɗan da suka rage, har muryarsa ta dishe. Ya koma gida ya ce wa Febi mutanen nan ba su yarda da juna a kan komai ba, amma sun ci abinci a kwano ɗaya.

Aka mai da taron duk bayan shekara biyu, in an gama girbi. Na biyu ya fi na farko, aka samu masu zuwa daga Kano da Bamako da Njamena, da wasu Turawa. Na uku a Belbeji aka yi shi, a kan ko labarin baka na tsofaffi hujja ne ko ba hujja ba, nan ne kuma Dokta Radiya ta shawo kan gidan rediyon gari ya riƙa sa zaman kai tsaye. Tun daga nan muryar Barnaba ta fara shiga rugage da ƙauyuka. In ya shiga kasuwa sai a ce ga mutumin tsingaro, a tambaye shi ko an gano wanda ya fasa tukunyar. Yana jin daɗin abin, ba ya ɓoyewa.

Arewa maso yamma da Tanut akwai wani kwari da ake kira Kwarin Aduwa. A gefensa na kudu akwai ƙauyen manoma, mai garinsu Lawali. A gefen arewa akwai rijiyar makiyaya, babbansu Almustafa. Tsakaninsu akwai wani tsohon kufai, tsingaro birjik, da duwatsun niƙa da suka lotse, da tarin duwatsu nan da can waɗanda kowa ya san kaburbura ne amma ba wanda ya san na su wane ne. Tun kaka da kakanni akwai tsari: manoma su kwashe amfaninsu, dabbobi su shiga su ci kara su bar taki. Amma ruwa ya yi ta raguwa, gonaki suka yi ta hawa arewa, burtali ya yi ta matsewa. Ba a yi faɗa ba tukuna. Gaisuwa ce dai ta gajarta.

Wannan kufai ne wani ɗalibin Dokta Radiya mai suna Zakiyyu ya tona, shi ne kuma batun taro na huɗu, wanda ya dawo Tanut. Barnaba ya lura da abu ɗaya tun da safe. Lawali ya zo da mutanensa, Almustafa ya zo da nasa, kuma da rana ta take, lokacin da ƴan gari suka saba watsewa, ba wanda ya motsa daga cikinsu.

Zakiyyu ya yi bayani da kyau. Ya ce a rami ɗaya, can ƙasa, ya sami dutsen niƙa da ƙonannun ƙwayoyin gero, a samansu kuma ƙasusuwan shanu. Ya ce rami ɗaya ne, bai isa a yanke hukunci ba. Abokan aikinsa suka taso masa kamar yadda aka saba, wannan ya ce ruwa yana juya ƙasa, wancan ya ce gero yana zuwa ta hanyar musaya. Ana cikin haka Lawali ya miƙe daga baya.

"Malam Barnaba, tambayar mini su. Wa ya riga wani zama a kwarin nan?"

Barnaba ya mayar da tambayar. Dokta Radiya ta amsa da sauri, ta ce ƙasa ba ta ba da irin wannan amsa, kuma mutanen da suka zauna a can ba lalle ne su zama kakannin kowa a ɗakin nan ba. Ya fassara.

"To ban tambayi kakanni ba," in ji Lawali. "Yaron nan da ya shiga ramin, me ya gani a ƙasa, me ya gani a sama?"

Zakiyyu ya dubi malamarsa, ya dubi ɗakin. Yana daga cikin masu cewa mai bincike ba shi da ikon ɓoye wa mutane abin da ya gani a ƙasarsu. Ya ce a wannan rami ɗaya, in ƙasar ba ta juya ba, ga alama gero ne a ƙasa, shanu a sama.

Aka juyo ana kallon Barnaba. Mikro, abin magana, yana hannunsa, ya san rediyo tana ɗauka. Ya hango Almustafa, wanda ya ja rawaninsa ya rufe baki, idonsa kawai ake gani. Sannan ya faɗi maganar kamar yadda aka faɗe ta, bai yar da ko kalma ba: rami ɗaya, in ƙasa ba ta juya ba, ga alama. Lawali ya yi godiya ya zauna. Ba a yi hayaniya ba. Malaman suka ci gaba da gardamarsu, ba su ma lura cewa bayan ɗakin ya yi tsit ba.

Kafin kasuwa ta zagayo maganar ta riga ta shiga wayoyi. Wani ya yanko ta daga shirin rediyo, ya zubar da farkonta, ya bar guntu: gero ne a ƙasa, shanu a sama. Ba Faransancin Zakiyyu a ciki. Muryar Barnaba ce kaɗai, a natse, irin muryar da mutane suka saba gaskatawa. Ana sa ta a tasha, ana sa ta wurin masu shayi. Matan da ke kawo wa Febi cuku da nono suka daina tsayawa a ƙofarta. In ta gan su a kasuwa sai su amsa gaisuwa suna kallon wani wuri.

Wata hantsi Almustafa ya zo da kansa. Sun daɗe da sanin juna, Barnaba ya koyar da ƴaƴansa biyu. Aka shimfiɗa masa tabarma ya zauna, aka kawo ruwa bai taɓa ba.

"Na san ba kai ka tona ba, Malam," in ji shi. "Ina wurin, na ji abin da ka ce gaba ɗaya."

"To ka gaya wa mutanenka."

"Na gaya musu. Sun ce su abin da suka ji suka ji. Jiya an hana mu ratsa kwarin, wani yaro ya ɗaga waya ya sa mana muryarka." Ya gyara zama. "Kaburburan can fa? Ba a ce komai a kansu ba?"

"An ce ba a san na su wane ne ba."

"To mu mun sani," in ji Almustafa, ya tashi ya sa takalminsa.

Abin da ya biyo baya a hankali ya zo. Duwatsun niƙa suka fara ɓacewa daga kufan, sai a gan su a kan iyakar gonaki, an binne rabi, kamar nan suka tsiro. Kowane manomi yana son nasa. A gefen arewa kuma tarin duwatsu suka fara yawa, sababbi, a wuraren da bara ba komai. Wasu suka buɗe tsofaffin kaburbura suna neman shaida, suka bar ƙasusuwa a rana. Da bazara wani tarin ciyawa ya ƙone, ba a ga wanda ya sa wuta ba. Bayan haka aka tarar da gugan rijiyar makiyaya an yayyanka shi. Jandarmomi suka je, suka tattara manya, aka yi rantsuwa, aka watse. Ba a zubar da jini ba, kowa kuma yana faɗin haka da irin muryar da ake cewa hadari bai iso ba tukuna.

Barnaba ya je gidan rediyo ya roƙa a sake sa maganar cikakkiya. Aka sa, har sau da yawa. Ba ta kama ba. Doguwa ce, tana da sharaɗi, ba ta shiga baki.

Taro na biyar ya zo da wuya. Hanya ta lalace da tsoro, Turawa ba su zo ba, na Bamako ma ba su zo ba. Perfe, shugaban hukumar yankin, ya yarda a yi, amma ya hana rediyo, ya sa jandarmomi a ƙofa suna karɓe sanduna. Dokta Radiya ta rame. Ta sa wa zaman take ɗaya: shin mai tono yana da alhakin abin da aka yi da maganarsa? Wannan karon ɗakin ya cika har tagogi. Manoma suka zauna a dama, makiyaya a hagu, aka bar layin bencina babu kowa a tsakiya.

Malaman suka rabu gida biyu a gaban jama'a. Zakiyyu, wanda shi ya yi maganar, shi ne ya fi kowa juyawa. Ya ce ya yi kuskuren tunani, irin wannan gardama ta ɗaki ce, a tsakanin waɗanda suka san nauyin kalmar wataƙila, a mai da taron Yamai. Wasu suka ce in an gudu an tabbatar wa mutane cewa akwai abin da ake ɓoyewa. Barnaba yana fassara wa waɗanda ake maganar a kansu, kalma da kalma, cewa ana shawarar ko ya kamata su ji ko bai kamata ba.

Daga ƙarshe Dokta Radiya ta miƙe. Ta ce an ƙara tona ramuka a kwarin kafin a lalata shi. A wasu shanu ne a ƙasa, a wasu a gauraye suke. Abin da ya fi kama hankali, in ji ta, mutane ɗaya ne suke noma suke kiwo, shekarar ruwa su shuka, shekarar fari su bi dabbobi. Barnaba ya faɗi wannan da Hausa, ya sake faɗi da Tamajak, a hankali, yana kallon fuskoki. Ya sa rai zai ga wani abu ya saki. Bai gani ba.

Wani saurayi daga dama ya ce, ba da ƙarfi ba, "Bara waccan ba haka ka ce ba, Baba. Wa ya zo gidanka?"

Daga hagu wani ya ce, "Yanzu da aka kwashe duwatsun ne za a ce mu ɗaya ne."

Lawali ya tashi ya fita, mutanensa suka bi shi. Almustafa ya jira har suka yi nisa, sannan ya fita da nasa ta ɗaya ƙofar. Aka bar malaman da tsingaronsu.

Washegari da safe Dokta Radiya ta biyo ta gidansa kafin motarsu ta tashi. Ba ta shiga ba, a zaure ta tsaya.

"Ni na sa ka a gaba, Malam. Mu za mu tafi, kai kana nan."

"Aikina ne, Dokta. Abin da aka ce shi na ce."

"Da ka san haka za ta kasance, da ka rage?"

Barnaba ya ce, "Da na rage, da ranar nan ce ta ƙarshe da wani zai yarda da ni. Yanzu ma ga shi ba a yarda da ni ba. Ban sani ba, Dokta."

Taron bai mutu ba. Ya koma Yamai, cikin Faransanci, a ɗaki mai ƙofa. Daga baya, da annoba ta hana tafiye-tafiye, ya koma ta na'ura, kowa daga ofishinsa. An ce ya bunƙasa, har akwai zama na musamman da ake yi a kan abin da ya faru a Kwarin Aduwa, ɗalibai suna rubutu a kai. Zakiyyu ne ke jagorancinsa yanzu. Dokta Radiya tana zuwa ta zauna a baya, ba ta cika magana ba. Sun gayyaci Barnaba ya je ya ba da labari, ya ce ƙafarsa ba ta iya doguwar mota.

A Tanut ya daina tafinta. Ko a majami'a in baƙo ya zo sai ya ce a nemi wani. Ƴarsa Yemima, mai aikin jinya a Damagaram, ta yi ta matsa musu su koma can. Febi ta so tafiya. Ta ce masa ita ba ta son yadda babura ke rage gudu in sun zo daidai ƙofarsu.

"Ba wanda ya ce mana komai," in ji Barnaba.

"Shi ne abin da ba na so, Baban Yemima. Da suna cewa da na san inda muke."

Bai tafi ba. Ya ce in ya bar garin, kowane gefe zai ce ɗaya gefen ne ya kore shi.

Bara, gabanin damina, kwamitin filaye ya kira zama a kan kwarin. Aka nemi tafinta aka rasa, duk wanda aka tuntuɓa sai ya kawo uzuri. Abin mamaki, Lawali ya aiko cewa Barnaba yake so, Almustafa ma ya aiko da haka. Febi ta ce kada ya je. Ya sa farar rigarsa ya tafi.

A bakin kwarin aka zauna, ƙarƙashin rumfar zana. Bai ga wurin ba tun kafin abin ya fara. Kufan ya zama ramuka, ba dutse ko ɗaya, ba tsingaro. Ciyawa ta yi tsawo ta bushe a tsaye, ba a shuka ba, ba a kuma yi kiwo ba, don ba mai son ya zama na farkon shiga. Lawali ya tsufa ƙwarai. Almustafa ma da sanda yake tafiya. Su biyun suka yi magana mai laushi, kowa ya ambaci zaman iyayensu, Barnaba ya fassara. Amma ya lura ba su ake kallo ba. Samarin kowane gefe sun tsaya nesa da rumfar, kusa da baburansu, ba su zauna ba, ba su kuma matso su ji ba. Da aka tashi ba a yanke komai ba, aka ce sai bayan girbi. Lawali ya kama hannun Barnaba, ya rage murya.

"Malam, da ina da iko da na mayar da duwatsun nan. Na ce a mayar, suka yi mini dariya. Ba ni nake riƙe da garin ba yanzu."

Girbi ya zo ya wuce, ba a sake kiran zaman ba. Almustafa ya rasu a cikin sanyi, wanda ya gaje shi Barnaba bai san shi ba, bai kuma zo gaisuwa ba.

Barnaba yana nan a Tanut. Da safe yakan zauna a zaure ya karanta Littafi Mai Tsarki, idonsa ya yi rauni, sai ya kawo shi dab da fuska. Febi ta ɗaure wasu kayansu a ɗaki, ba ta ce masa komai ba, shi ma ya gani bai tambaya ba. Gidansu ba nisa da rumfunan maƙera. A da sai gab da shuka ake jin su, lokacin da kowa ke neman fartanya da hauya. Bana tun ana sanyi suke aiki, daga safe har la'asar. Rannan ya aje littafin ya saurara, ya tambayi Febi ko ta san abin da suke ƙerawa. Ta ce ta bi ta wurin jiya, ba ta ga fartanya ko hauya ba, ba ta kuma ga komai a shimfiɗe don sayarwa ba.